Kwarmin Dutse

Ran da magina suka zo shafe tsakar gidanmu a Dukku,
diga ta daki wani abu a bayan madafi, ta yi ƙara.
Mai haƙa ya tofa yawu a tafi, ya ce ko tukunyar kuɗi ce.
Da aka ciro, sai ga dutsen niƙan Dada Hajjo,
a kife, ƙasa ta cika masa baki.

Na wanke shi da rabin jarkar ruwan saye,
ko da yake a garin nan ba a wasa da ruwa.
Sai kwarmin ya fito, sumul kamar cikin ƙwarya,
ya haɗiye tafina har wuyan hannu.

Ba guduma ce ta yi wannan rami ba.
Gero ne, da gwiwa a ƙasa, da asuba.

Sun ce a bayan jaki ya zo daga Gombe Abba
shekarar da fara ta cinye dawa a tsaye,
a lokacin shafaffe ne kamar allo.
Dada na niƙa tana ƙirga bakuna:
goma sha ɗaya,
da na baƙon da bai yi sallama ba tukuna.
Aci-balbal na gyangyaɗi a alkuki,
gari na zuba a faifai kaɗan-kaɗan
kamar mai biyan bashi.
In dutse ya yi santsi ya ƙi cin tsaba
sai ta ɗauko makoɗi ta koɗa shi,
maƙwabta su ji ta bayan danga
su san gidan Jauro Manu bai kwana da yunwa ba.

Inna ta gaje shi da kwarminsa rabi.
Da cikina ta durƙusa a gabansa,
har yau in na ji gurzar dutse barci nake ji.

Sannan injin niƙa ya sauka bakin kasuwa,
mu ne 'yan aike, kwano a ka, kwabo a kunci.
Dada ta shinshina tuwon farko ta ture akushi,
wai yana warin ƙarfe da baƙin mai.
Kwana uku tana kan bakanta.
A na huɗu ta ci, ta suɗe, ba ta ce komai ba.

Daga nan dutse ya fara sauka daga muƙami.
Aka bar masa daddawa da barkono,
sai lalle in sallah ta matso.
Baffa ya mai da shi wurin zaman alwala,
mahauci ya wasa wuƙa a gefensa ranar layya.
Ɗan dutsen kuwa, ni na ɓatar da shi
wajen fasa ƙwallon goriba.
Ban taɓa faɗa ba sai yau.

Jinka ta sauka, kwano ya hau,
ruwan sama ya koyi surutu a kanmu.
Duwatsun murhu uku suka watse da zuwan risho,
ba wanda ya tuna ran da aka kifa wannan.

'Yata Zulai ta leƙo ta bayana:
"Baba, kwanon shan kaji ne?"
Na kama hannunta na sa a kwarmin.
Ta ce da sanyi.
Ta zare, ta koma wajen wayar uwarta.

Magini ya ce in ba na so
zai farfasa shi ya yi ciko a bakin ƙofa.
Na ce a'a.
Muka ɗauke shi mu biyu, muna nishi,
abin da mace ɗaya ke jan shi zuwa inuwa,
muka ajiye gindin randar da ta rage.

Randar na tsatsafo, ɗigo bayan ɗigo.
Kafin la'asar kwarmin ya cika,
wata kurciya ta sauko ta sha.